Masana Kwamfuta, A Bar Kowane Fanni Ya Buɗe Zaurensa

Ranar Asabar da ta wuce na je zaman wata ƙungiyar masu aikin kwamfuta da nake ciki a nan Zariya. Ba zan kama sunanta ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Irin zaman nan ne da ake cewa ƙarfe goma, a fara sha biyu saura. Aka buɗe da addu'a, sakatare ya karanta abin da aka tattauna a zaman baya, ma'aji ya miƙe ya jero sunayen waɗanda ba su biya kuɗin wata ba, har da nawa a ciki. Daga nan aka shafe kusan awa guda ana ja-in-ja a kan kalar rigar da za a ɗinka ta taron ƙarshen shekara. Har ladan ya kira azahar a masallacin da ke bayanmu, ba wanda ya ambaci kwamfuta ko sau ɗaya.

Sai da aka zo gaɓar ƙarshe, kowa ya fara laluben makullin mashin ɗinsa, wata matashiya ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai mu 'yan kaɗan da muke aiki a kan rubutun Hausa a kwamfuta. Muna roƙon a ba mu izini mu riƙa zama namu sau ɗaya a wata, a ƙarƙashin inuwar ƙungiya, mu riƙa kawo muku rahoto."

Dattijon da ke jagorantar zaman ya yi murmushi, ya gyara zaman hularsa. Ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma da ƙyar da jiɓin goshi muka haɗa kan mutanen nan. Yau ku ne, gobe masu tsaron intanet, jibi masu koyarwa, gata kuma ban san su wa ba. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ku yi haƙuri a bar maganar."

Aka ce "haka ne, haka ne", aka shafa fatiha, aka watse.

Dattijon nan ya koyar da da yawa daga cikinmu, kuma ba na wasa da girmansa. Amma a wannan magana bai yi daidai ba. Ƙungiyar ƙwararru da ba ta da ƙananan rukunai na fanni-fanni, ba abin da take ba ɗanta sai katin shaida da rasit. Tun da da tsintsiya ya kafa hujja, ni ma da ita zan ba shi amsa: abin da muka yi ranar Asabar shi ne taron tsintsiya ba shara.

Abin da yarinyar ta nema ba ita ta ƙago shi ba

Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin masana kwamfuta a duniya ita ce ACM, wadda aka kafa a Amurka a 1947. Ita ke ba da lambar yabo ta Turing tun daga 1966, wadda a fannin namu babu ta biyunta. Amma in ka tambayi ɗan ƙungiyar inda yake samun abin ƙaruwa, da wuya ya ce maka a hedkwatarsu ta New York. Zai ambaci ɗaya daga cikin ƙananan rukunanta sama da 30, waɗanda suke kira SIG a taƙaice. Ni a wannan rubutu zaurukan fanni zan kira su.

Akwai SIGGRAPH na masu zane da hoto a kwamfuta, wanda yake taronsa na shekara-shekara tun 1974. Fitilar teburin nan mai tsalle-tsalle da ake gani a farkon finafinan kamfanin katun na Pixar, a taronsu na 1986 aka fara nuna ta. Akwai SIGCSE na malaman da ke koyar da ilimin kwamfuta, SIGMOD na masu rumbun bayanai, SIGCHI na masu nazarin yadda mutum yake mu'amala da na'ura, SIGACCESS na masu neman sauƙaƙa wa makafi da kurame da sauran masu buƙata ta musamman. Ƙungiyar masana kwamfuta ta Ingila, BCS, da aka kafa a 1957, ita ma haka tsarinta yake.

Bari in ba da misali ɗaya na abin da irin wannan zaure yake haifarwa. A watan Oktoba na 1986 layin sadarwar da ya haɗa wasu cibiyoyi biyu a Berkeley ta jihar Kalifoniya, waɗanda da ƙafa ma 'yan mintuna ne tsakaninsu, ya cushe har gudunsa ya faɗo daga bit 32,000 a sakan ɗaya zuwa bit 40. Kwatanta shataletalen Kwangila da yamma, kowa ya kunno kai, ba mai gaba ba mai baya. Wani masani mai suna Van Jacobson ya bi diddigin abin, ya kai maganinsa taron SIGCOMM, zauren masu sadarwa, a 1988. Maganin shi ne kowace kwamfuta ta fara aika saƙo kaɗan-kaɗan tana ƙarawa, da ta ga alamar hanya ta cika sai ta ja da baya. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita, da jikokin waccan dabara take aiki.

A gaban wa ya gabatar? A gaban mutanen da matsalar ta hana barci kamar yadda ta hana shi, waɗanda za su iya ce masa "nan ka yi kuskure". Da a irin zamanmu ne, da ya jira a gama maganar kalar riga.

A nan gida ma ba a bar mu a baya ba. Ƙungiyar Masana Kwamfuta ta Najeriya, NCS, wadda ta faro a 1978 da sunan COAN kafin ta koma NCS a 2002, tana da rukunai a ƙarƙashinta: NIWIIT ta mata, NACOS ta ɗalibai, ITSSP ta masu tsaron na'urori, da wasunsu. Abin da kawai na lura shi ne, mu a ƙasar nan mun fi saurin kasa mutane bisa ko su wane ne, mace ce ko ɗalibi ko malamin jami'a, fiye da bisa tambayar da take damunsu. Duka biyun suna da amfani. Na biyun ne dai muke da ƙarancinsa, kuma shi yarinyar ta nema.

"Ai wannan kwaikwayon Turawa ne"

Wani abokina ya faɗa mini haka a hanyarmu ta komawa, muna tsaye muna jiran ɗan acaɓa. Na yi dariya, don a ce Bazazzagi ne yake wannan magana.

Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, almajiran ilimi suke niƙo gari daga nesa su zo Zazzau, musamman neman nahawu da lugga, su sauka a unguwanni irin su Juma da Kona. Yaya karatun yake? Ka ɗauki fiƙihu a zauren wannan malami bayan asuba, da hantsi ka wuce zauren wancan ka ɗauki nahawu, bayan la'asar kana wani zauren. Kowane malami da fannin da aka san shi da shi. Ban taɓa jin an ce zauren nahawu ya raba kan musulmin birni ba. Ranar Juma'a duk a masallaci ɗaya ake haɗuwa, sahu ɗaya, liman ɗaya.

Ko ka shiga kasuwar Sabon Gari. 'Yan hatsi da layinsu da shugabansu, 'yan yadi da nasu, mahauta da nasu. Rikicin mudu ba a kai shi gaban mai sayar da atamfa. Amma ranar da maganar haraji ko gobara ko tsaro ta taso, sai ka ga shugabannin layuka sun hallara wuri ɗaya da murya ɗaya. Mutanen da suka naɗa Sarkin Maƙera daban, Sarkin Pawa daban, Sarkin Aska daban tun zamanin kakanni, ba Bature ne zai koya musu cewa kowace sana'a tana buƙatar wurin zamanta ba.

Tsoron rarrabuwar kai

Wannan ita ce hujjar dattijon, kuma ita ta fi cancantar amsa. A ganina ya kalli abin ta baibai. Kanmu a rabe yake tun tuni, ba mu faɗa ba ne kawai.

Dubi waɗanda suke zama a ɗakin nan. Akwai malamin jami'a da hankalinsa yake kan ƙirƙirarriyar basira. Akwai ma'aikacin banki da ba abin da ke ransa sai masu kutse. Akwai mai jan wayar intanet a ofisoshi da makarantu, da malamar sakandare da aka ce ta koyar da kwamfuta a makarantar da ba wuta, da mai cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da yake kwana yana lissafin man janareta. Duk sunansu masu kwamfuta, kamar yadda likitan ido da ungozoma duk sunansu ma'aikatan lafiya. In ka tara su ɗaki ɗaya ka ce a yi maganar da ta shafi kowa, me ya rage? Kuɗin wata da riga da zaɓe. Ba sakacin shugabanni ba ne ya sa zamanmu ya zama haka. Abin da ya haɗa mu duka ke nan, sauran kuwa ba a ba shi wuri ba.

Sakamakon a fili yake. Matashi zai zo zama ɗaya, ya zo na biyu, a na uku sai ka ji wayarsa a kashe. Ba faɗa ya yi da kowa ba, ba abin da zai dawo da shi ne. Ƙungiya ba ta fashe ba, gaskiya ne, amma tana tsiyayewa kamar randa mai tsaga. Wanda yake da zauren da ake tattauna abin da yake ci da shi, shi ne zai riƙa biyan kuɗin uwar ƙungiya ba tare da ma'aji ya kira sunansa a bainar jama'a ba.

Sunan Mu'azu

Bari in daɗe a nan kaɗan, don wasu a ɗakin sun ɗauka abin da yarinyar take magana a kai wasan 'yan boko ne.

Shekarun baya na raka wani ɗan yayata cike fom ɗin wata ma'aikata a intanet. Sunansa Mu'azu. Duk sanda aka rubuta sunan yadda ubansa ya raɗa masa, sai fom ya ce akwai harafin da bai halatta ba. Mai shagon ya ce, "Alhaji, a cire 'yar alamar nan kawai, haka muke yi wa kowa." Aka cire. Daga ranar yaron ya zama Muazu a wannan takarda, Mu'azu a takardar haihuwa, a wata kuma wani ya rubuta masa Mu azu da tazara a tsakiya. Da aka zo inda ake gwada takardu da juna, kwamfuta ta ce mutum uku ne. Sai da aka je kotu aka yi takardar rantsuwa, aka buga a jarida, don a tabbatar yaro shi ne kansa.

Duk mai Sa'adatu ko Rabi'u ko Asma'u ko Isma'ila a gidansa ya san wannan labari. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne dalilin. Harshen da manhaja take yi wa rumbun bayanai magana da shi, SQL, da irin wannan 'yar alama yake gane inda rubutu ya fara da inda ya ƙare. In mai rubuta manhaja ya liƙa abin da mutum ya shigar kai tsaye a cikin umarni, hamzar da ke tsakiyar Mu'azu sai ta katse umarnin a rabi. Ta wannan kafa ɗin ma ɓarayi suke cusa nasu umarnin su kwashi bayanan jama'a. Maganin sananne ne, ana koyar da shi a aji: a aika umarni daban, abin da mutum ya rubuta daban, ta yadda rumbu ba zai rikita su ba. Amma wanda yake sauri ko bai ƙware ba, sai ya bi gajeriyar hanya ya haramta alamar baki ɗaya. Ya toshe kafar ɓarawo da sunan ɗan yayata.

Ga kuma haruffa masu lanƙwasa. Ƙ da ɗ da ɓ sun daɗe a cikin Unicode, tsarin da kwamfutocin duniya suke gane haruffa da shi, don haka ba a ce na'ura ba ta san su ba. Amma je ka nemi Ɗanladi a rumbun da aka shigar da shi a matsayin Danladi, wani wurin Dan Ladi, wani wurin D'anladi. In an ce a jera sunaye bi da bi, ina Ƙasimu zai faɗa, kusa da Kabiru ko can ƙarshe bayan Zubairu? Manhajar da ba ta bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, wace irin fassara za ta yi maka? Google ta sa Hausa a manhajarta ta fassara tun 2013, kuma an samu ci gaba sosai, amma duk wanda yake amfani da ita ya san inda take tuntuɓe. Babban dalili shi ne rubutun Hausa da ke intanet bai taka kara ya karya ba in aka gwada da yawan masu jin harshen, kuma wanda ke akwai ɗin ma rabi da lanƙwasa rabi babu.

Waɗannan ba tambayoyin da wani zai zauna a Amurka ya warware mana ba ne, don ba sunan ɗansa aka ƙi karɓa ba. Kuma in akwai garin da ya kamata ya ji kunya a kan wannan, garin nan ne. A nan Hukumar Talifi ta zauna a shekarun 1930 ana daidaita rubutun boko, a nan aka haifi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai sashen da ake koyar da Hausa har digirin digirgir, ga masu ilimin kwamfuta, ga cibiyar da aka sa wa sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Tsakaninsu tafiyar ƙafa ce. Abin da babu shi ne tabarmar da za su zauna a kai tare, su fitar da shafi biyu ko uku da za a miƙa wa duk mai rubuta manhaja a Arewa: ga yadda ake karɓar sunan Bahaushe, ga yadda ake nemansa, ga yadda ake jera shi. Tabarmar ke nan da yarinyar ta roƙa a ba ta izinin shimfiɗawa.

"Mu nawa ne ma?"

An ce ACM tana da mutane dubbai a faɗin duniya, mu kuwa ɗaki ɗaya ba mu cika ba, da me za a yi zauruka?

Zaure ba ya buƙatar jama'a. Mutum biyar da suka karanta abu ɗaya kafin su zo sun fi ɗari da suka zo cin fanke da lemo. Kuma ba cewa na yi a buɗe talatin ba. Biyu ko uku sun isa, waɗanda garin da kansa ya nuna. Ga IAR da NAERLS a Samaru, ga NAPRI a Shika, cibiyoyin noma da kiwo da ƙasa duka take dogaro da su, to me zai hana a samu zauren da mai manhaja zai zauna da malamin gona? Ga asibitin koyarwa. Ga masu POS a kowace kwana tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, kullum ana damfarar su da alat na bogi. Ga shagunan buga takardu da kwamfutocinsu suke cike da hotunan katin NIN da lambobin BVN na mutane, kowa ya zauna ya buɗe, alhali dokar kare bayanan jama'a ta fara aiki tun 2023 kuma da yawansu ba su taɓa jin labarinta ba. Aiki ya fi masu yi yawa.

Kuɗi kuwa, aji ɗaya da ba kowa ranar Asabar da tulun ruwa, nawa ne?

Inda dattijo yake da gaskiya

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da yake tsoro da ni ma nake tsoro, ko da bai fito ya faɗa ba. Mun san halinmu. A ba mu izini yau, kafin sati ya zagayo an naɗa shugaba, mataimaki na ɗaya da na biyu, sakatare, ma'aji, mai binciken kuɗi, jami'in hulɗa da jama'a, uban ƙungiya. Mutum tara, muƙami goma sha ɗaya. A buga takarda mai tambari, a fara zagaya ofisoshi neman tallafi, a shirya bikin ƙaddamarwa da babban baƙo na musamman. Wanda ya faɗi zaɓen uwar ƙungiya kuma sai ya lallaɓa ya kafa nasa zauren, ya mai da shi sansanin yaƙin zaɓe mai zuwa. Na ga an yi haka a ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na unguwa, ba sau ɗaya ba.

To amma ba a ƙin haƙa rijiya don gudun kada akuya ta faɗa. Murfi ake yi mata.

A nan ma akwai abin dubawa a tsarin ACM. Zaurukansu ba gadon gidan kowa ba ne. Akwai majalisar da take bibiyar kowanne lokaci-lokaci, ta duba ko yana da mutane, yana aiki, yana riƙe kansa. Wanda ya gaza sai a haɗe shi da wani ko a rufe. Sun taɓa samun zaure sukutum na harshen kwamfuta guda ɗaya mai suna APL, da masu amfani da shi suka ragu sai aka mai da shi ƙarƙashin SIGPLAN, zauren harsunan kwamfuta gaba ɗaya. Ba wanda ya kai ƙara kotu.

Ni abin da zan ba da shawara bai da yawa. Kada zaure ya samu wani muƙami in ban da mai kiran zama, shi ma shekara ɗaya ya sauka. Kada ya buɗe asusun kansa, abin da ya samu ya bi ta hannun ma'ajin uwar ƙungiya. Sannan kowace shekara ya kawo abu guda da za a iya taɓawa: horo da aka yi wa masu POS na unguwar PZ da ke nan Zariya, ko 'yar takardar ƙa'idar sunaye, ko darasin da malamin firamare zai iya koyarwa da alli ba tare da wuta ba. In shekara ta zagayo ba komai, a naɗe tabarma ba tare da an ji haushin kowa ba. Mai neman muƙami in ya ga ba kujera ba asusu, da ƙafarsa zai gudu, ba sai an kore shi ba.

"Ai muna da WhatsApp"

Wannan daga matasa take fitowa, kuma ita ta fi ba ni tsoro, don ma'anarta ita ce sun riga sun yanke ƙauna da mu. Suna cewa me za mu yi da izinin dattawa, ga zaure a waya kyauta? Kuma suna da abin nunawa. Masakhane, gamayyar masu bincike a kan harsunan Afirka a kwamfuta, da HausaNLP da 'yan Arewa suka haɗa, ba wata tsohuwar ƙungiyar ƙwararru ce ta haife su ba. Matasa ne suka ga ba wuri, suka yi wa kansu, kuma sun yi aikin da duniya ta sani.

Duk da haka ina ganin inuwar ƙungiya tana da abin da waya ba ta da shi. Zauren WhatsApp yana rayuwa ne gwargwadon ƙarfin wanda ya buɗe shi. Ranar da ya samu aiki a Abuja ko ya tafi karatu Malesiya, sai wurin ya koma na barka da Juma'a da tallan data. Duk abin da aka tattauna ya nutse, wanda ya shigo bana ba zai ga na bara ba. Na biyu, in aka gano fom ɗin wata hukuma yana ɓata sunayen mutane, wasiƙar da ta fito daga ƙungiya mai rajista ana karɓar ta a sa mata hatimi a kai teburin oga. Ta "wasu matasa" kuwa a hannun masinja take ƙarewa. Na uku, kuma wannan matasa ba sa son ji, dattijon nan da ya hana, ya ga kwamfuta tun ana ba ta umarni da kati mai huji. Akwai ramukan da ya faɗa da ba sai kun faɗa ba. A waya ba za ku same shi ba, don ba ya buɗe saƙo sai jikarsa ta zo.

Wato kowane ɓangare yana riƙe da rabin abin da ɗayan yake nema, kuma ranar Asabar mun bar su sun fita ta ƙofa daban-daban.

Wa zai shiga?

Saura magana ɗaya da na san za ta ɓata wa wasu abokaina rai. Shiga uwar ƙungiya yana da sharuɗɗa, kuma daidai ne. Akwai hukumar CPN da doka mai lamba 49 ta 1993 ta kafa don yi wa ƙwararru rajista, ba na cewa a rushe wannan. Amma zaure ba wurin tantance satifiket ba ne. Da yawa daga cikin zaurukan ACM ma mutum yana iya shiga ba tare da ya yanki katin uwar ƙungiya ba.

Yaron da ke gyaran waya a PZ, wanda yake ɗaga ƙwaƙwalwar waya da iska mai zafi ya mayar ta tashi, bai yi digiri ba. Amma a rana ɗaya yana ganin irin damfarar da ake yi wa talaka ta waya fiye da abin da malamin jami'a zai gani a zangon karatu guda. In za a yi zauren tsaro babu shi, to da wa za a yi? Zauren Hausa da ba malamin Hausa, ba mai rubuta littattafai, ba alaramman da ya iya ajami, mu kaɗai masu kwamfuta muna ta jujjuya harshen da rabinmu ba mu iya rubuta shi daidai ba, wannan ai wasan yara ne. Ni kaina sai da na girma na san "ko'ina" da hamza ake rubuta shi.

Na san amsar: za a zubar da darajar sana'a. Ban ga yadda zama da wanda ya san abin da ban sani ba zai rage mini daraja ba. A zaurukan birni, attajiri da ɗan dako kan buzu ɗaya suke durƙusawa gaban malam, wanda ya fi riƙe karatu shi ake ce wa ya maimaita.

Na samu labarin cewa yarinyar da abokan aikinta ba su fasa ba. Ranar Lahadi sun haɗu a gindin wata bishiya a Samaru, su da wani malamin Hausa mai ritaya da suka ɗauko a keke napep, suna tattara sunayen da fom yake ƙi. An ce sun cika shafi huɗu kafin magariba.

Zamanmu na gaba Asabar ɗin farko ce ta wata mai kamawa. Na biya bashin kuɗin watan da ake bi na, don kada a ce ba ni da bakin magana, kuma na rubuta wa sakatare ya sa batun a lamba ta uku, kafin rahoton ma'aji, lokacin da mutane ba su fara duba agogo ba. Kafin ranar zan je gida in gaida dattijon, in tafi masa da shafukan nan huɗu. Sunan babbar 'yarsa Sa'adatu.